Busar da ta fitar da Auburn: tambayoyi da amsoshi kan alƙalancin wasan Virginia da Auburn na 2019

Duk shekara idan watan Maris ya kama, gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta kankama, da zarar wani alƙalin wasa ya yi busar da ta tayar da ƙura sai an tono wasan Virginia da Auburn. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu bin gasar suka fi maimaitawa, musamman waɗanda suka saba da ƙwallon ƙafa kuma dokokin kwando ba su gama zauna musu ba.

Wane wasa ake magana a kai, kuma me ya sa ya yi zafi haka?

Wasan kusa da na ƙarshe ne na gasar maza ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, gasar da ake kira March Madness. An buga shi ranar 6 ga Afrilu, 2019, a filin U.S. Bank da ke birnin Minneapolis, Jami'ar Virginia ta doke Jami'ar Auburn da ci 63 da 62. Ƙungiyoyi 68 ne suka shiga gasar a shekarar, kuma babu gida da waje: wasa ɗaya za a ci ka, ka tattara kayanka. Ga ɗan wasan da ke shekararsa ta ƙarshe a makaranta, ranar da aka ci su ita ce ranar da zai cire rigar jami'ar ke nan har abada.

Kowane ɓangare ya zo da nasa nauyin. Auburn, ta jihar Alabama, ba ta taɓa kaiwa matakin ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe ba sai a wannan shekarar, kuma kafin ta kai sai da ta kayar da Kansas da North Carolina da Kentucky a jere, manyan gidajen kwando uku da kowa ke shakka. A wasan North Carolina ne fitaccen ɗan wasanta Chuma Okeke, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya tsinke jijiyar gwiwa, sauran suka ci gaba ba shi. Ita kuwa Virginia tana ɗauke da abin kunyar 2018, lokacin da ƙaramar jami'ar UMBC ta lallasa ta 74 da 54, ta zama ƙungiya mai lamba 1 ta farko a tarihin gasar maza da mai lamba 16 ta fitar (ana jera ƙungiyoyi ne bisa ƙarfinsu, lamba 1 ga mafi ƙarfi, 16 ga mafi rauni).

Me ya faru a mintunan ƙarshe?

Saura minti biyar da 'yan kai Virginia na gaba 57 da 47, kowa ya ɗauka an gama. Sai Auburn ta zuba maki 14 a jere ba tare da Virginia ta ci ko ɗaya ba, Bryce Brown yana ta narka jifa mai maki uku. Saura sakan 17 Auburn ce ke gaba 61 da 57. Kyle Guy na Virginia ya jefa mai uku daga kusurwa, aka koma 61 da 60. Aka yi wa Jared Harper na Auburn keta, ya ci jifan kyauta ɗaya ya ɓarar da ɗaya: 62 da 60, saura kamar sakan 7.

A nan abubuwa biyun da ake jayayya a kansu suka auku. Ty Jerome na Virginia ya taho da ƙwallo, ta bugi ƙafarsa ta kuɓuce, ya bi ta ya ɗauka da hannu biyu, ya sake buga ta a ƙasa. Ba a busa ba. Brown ya yi masa keta da gangan, saura sakan 1.5. Virginia ta jefo ƙwallo daga gefe zuwa ga Guy a kusurwar hagu, ya tashi sama ya jefa, Samir Doughty na Auburn ya tashi tare da shi ya bugi jikinsa, ƙwallon ta bugi bakin kwando ta faɗo. Ƙararrawa ta kaɗa, 'yan Auburn suka fara murna, amma alƙali James Breeding ya riga ya busa. Aka mayar da agogo sakan 0.6, aka bai wa Guy jifan kyauta uku. Ya ci biyu, kocin Auburn Bruce Pearl ya nemi hutu don ya dagula masa lissafi, ya dawo ya ci na ukun.

Me ya sa 'yan Auburn suke yin keta da gangan a lokacin da suke gaba?

Dabara ce, ba rikicewa ba. Wasan maza na jami'a zango biyu ne, kowanne minti 20. Idan aka yi wa wanda ba ya cikin jifa keta, ba a ba shi jifan kyauta sai laifukan ƙungiyar a wannan zangon sun kai 7. Daga na 7 yana jefa ɗaya, in ya ci ya ƙara ɗaya, daga na 10 kuma biyu ne kai tsaye. Auburn ba ta kai wannan adadi ba, don haka tana da rarar laifi. Kowace keta tana tsayar da wasa, ta tilasta wa Virginia sake jefowa daga gefe, sakanni na zubewa. Dabarar ta yi aiki: daga sakan 7 sai da ta rage musu 1.5. Wannan batu yana da muhimmanci ga amsar da ke ƙasa kan jan rigar Jerome.

Da gaske Doughty ya yi keta, ko Guy ne ya yi dabara?

Keta ce. Doka ta ce mai tsaron da ya tashi sama dole ya tashi a miƙe cikin nasa gurbin, kuma wanda ya tashi jifa yana da haƙƙin a bar masa wurin sauka. Doughty bai taɓa hannun Guy ba, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da magoya bayan Auburn suka fi riƙewa. Amma ya taso ne yana matsowa, jikinsa ya bugi cinyoyin Guy tun yana sama, ya kuma cinye masa wurin sauka. Ba sai an doke hannu ake keta ba. Mai jifa daga nesa da ƙafafunsa yake samun daidaito, in ka ture ƙasan jikinsa ka lalata jifan kamar yadda za ka lalata shi in ka doke gwiwar hannunsa.

Masu cewa Guy ne ya miƙo ƙafa don ya jawo busa suna da dalilin zargi, domin akwai 'yan wasan da suka mayar da hakan sana'a. Sai dai hoton da aka ɗauka daga gefe bai nuna haka ba. A daren, J.D. Collins, wanda ke kula da alƙalan wasan maza a NCAA a lokacin, ya fitar da bayani cewa busar ta dace da dokar tashi a miƙe. Shi kansa Doughty, da 'yan jarida suka tambaye shi a ɗakin sauya kaya, bai ɗora wa alƙalai laifi ba.

To ba ana cewa a sakan ɗin ƙarshe alƙali ya bar 'yan wasa su yanke hukunci da kansu ba?

Wannan ita ce maganar da aka fi yi, kuma ita ce mafi rauni idan aka zauna aka auna ta. Babu inda littafin doka ya ce laifin minti na 5 ya daina zama laifi a sakan na ƙarshe. Alƙalin da ya ga an ture mai jifa ya haɗiye usur ɗinsa shi ma ya yanke hukunci, ya dai yanke shi ne don amfanin mai tsaro. Da Breeding bai busa ba, da mutanen Charlottesville, garin da Jami'ar Virginia take, ne za su kwana suna maimaita hoton, su ce an yi musu fashi da tsakar rana, kuma da sun fi 'yan Auburn hujja.

Abin da ke cikin maganar mai ɗan ƙamshin gaskiya shi ne rashin tsayawa a kan mizani ɗaya. Masu kallo sun sha ganin an bar irin wannan gogayya a ƙarshen wasanni, don haka ranar da aka busa sai su ga kamar an zaɓe su ne. Gardamar ma ta girmi 'yan wasan 2019 ɗin. A wasan ƙarshe na 1989, alƙali John Clougherty ya busa wata keta mai sauƙi saura sakan 3 a ƙarin lokaci, Rumeal Robinson ya ci jifa biyu, Michigan ta doke Seton Hall 80 da 79. A 2023 an busa wa Ryan Nembhard na Creighton saura sakan 1.2, San Diego State ta wuce da 57 da 56. A 2024, a wasan mata na kusa da na ƙarshe, an busa wa Aaliyah Edwards ta UConn laifin tare hanya saura ƙasa da sakan 4, Iowa ta tsira da 71 da 69. A duk ukun, kalaman waɗanda aka ci kusan iri ɗaya ne da na 'yan Auburn.

Mene ne laifin da Ty Jerome ya yi wanda ba a busa ba?

A kwando, idan kana tafe kana buga ƙwallo a ƙasa sannan ka kama ta da hannu biyu, tafiyarka da ita ta ƙare: ko ka miƙa wa wani, ko ka jefa. In ka sake buga ta a ƙasa ka yi laifi, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Da a ce ɗan Auburn ne ya taɓa ƙwallon ta kuɓuce, Jerome na da damar ɗauka ya ci gaba. Amma ƙafarsa ta buga, ba hannun kowa ba. Laifi ne ƙarara, alƙalai uku suna fili, babu wanda ya busa.

Da an busa, Auburn za ta karɓi ƙwallo tana gaba da maki biyu saura 'yan sakanni, Virginia kuma dole ta yi keta ta zauna addu'ar a ɓarar da jifan kyauta. Kusan an gama ke nan. Saboda haka idan mai goyon bayan Auburn ya ce kuskuren alƙalai ya taɓa sakamakon wasan, bai yi ƙarya ba. Abin lura kawai shi ne ihun da aka yi a filin ba a kan wannan aka yi shi ba. Mafi yawan 'yan kallo ba su ma san an yi ba sai da Gene Steratore, tsohon alƙalin wasa da ke yi wa tashar CBS sharhin dokoki, ya nuna shi a hoton da aka maimaita bayan an tashi. Mutane sun fara fushi a kan busar da take daidai, daga baya aka miƙo musu wadda take kuskure, suka haɗa biyun suka dunƙule.

Magoya bayan Virginia suna cewa an ja rigar Jerome kafin nan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Hoton ya nuna Brown ya kamo rigar Jerome daf da lokacin da ƙwallon ta kuɓuce, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda kamar yadda aka yi bayani a amsar keta da gangan, Auburn na neman a busa mata laifin ne. Jerome da kansa ya ambaci wannan bayan wasa. Da an busa jan rigar, babu batun ɗaukar ƙwallo da hannu biyu sam, Virginia za ta jefo daga gefe da sakanni fiye da 1.5 ɗin da ta samu daga baya.

Ke nan kuskure biyu aka yi a cikin ƙiftawar ido, ɗaya ya cuci Virginia, ɗaya ya cuci Auburn, kuma kowane ɓangare yana fara ba da labarin ne daga inda ya fi masa daɗi. A ganina na Auburn ya fi nauyi, domin ɗan jan riga irin wannan ana bari sau da yawa, shi kuwa ɗaukar ƙwallo a sake bugawa ba abu ne na ra'ayin alƙali ba, ko an yi ko ba a yi ba. Amma wanda zai kawo ɗaya ya ɓoye ɗaya ba gaskiya yake nema ba.

Me ya hana su duba bidiyo kamar yadda ake yi da VAR a ƙwallon ƙafa?

Akwai allon dubawa a gefen fili, amma dokar 2019 ta ƙayyade abin da ake zuwa dubawa: daidaita agogo, ko jifa mai maki biyu ne ko uku, ko keta ta kai ta mugunta, ko wa ya taɓa ƙwallo ƙarshe kafin ta fita a minti biyun ƙarshe, da 'yan makamantansu. Laifin da ba a busa ba, irin na Jerome, ba ya cikin jerin. Keta ta yau da kullum da aka busa ita ma ba a soke ta da bidiyo. Abin da alƙalan ke da ikon gyarawa a wannan daren shi ne yawan lokacin da ya rage da kuma yawan jifan da Guy zai yi.

Ko inda aka halatta dubawa ma ba a tsira ba. A wasan ƙarshe na 2015 da Duke ta ci Wisconsin 68 da 63, alƙalai sun je allo sun duba wata ƙwallo da ta fita, suka bar wa Duke, alhali masu kallo a gida suna ganin hoton da ke nuna yatsan Justise Winslow ya shafe ta.

Yaya magoya bayan Auburn da 'yan wasanta suka karɓi abin?

A filin, ihun Allah-wadai ya rufe murnar Virginia. A garin Auburn abin ya fi ban tausayi. Al'adarsu ce idan suka ci babban wasa su taru a mahadar Toomer's Corner su lulluɓe itatuwan wurin da takardar bayan gida. Da ƙwallon Guy ta bugi bakin kwando, wasu ba su tsaya jin busa ba, suka ruga suka fara murna, aka ɗauke su a waya, daga baya labari ya iske su. Kyamara ta kama Bryce Brown a hanyar ɗakin sauya kaya yana cewa NCAA na buƙatar sababbin alƙalai. Charles Barkley, tsohon ɗan wasan Auburn da ke cikin masu sharhi a talabijin a daren, bai iya ɓoye ciwon da ya ji ba.

Pearl ya yi tsalle ya yi faɗa a gefen fili lokacin busar, amma da ya zauna gaban 'yan jarida ya ƙi mayar da zancen kan alƙalai, ya yaba wa Virginia. A shafukan sada zumunta kuwa ba a sassauta ba: ana yanka hoton ƙafar Jerome ana zagaye shi da jan layi, ana kiran kofin da Virginia ta ɗauka bayan kwana biyu kofin sata.

Fushin magoya baya yana wuce zagi a intanet?

Yana wucewa, kuma misalin da aka fi sani ya faru shekara biyu kafin wannan. A Maris 2017 North Carolina ta fitar da Kentucky 75 da 73 da jifan Luke Maye saura ƙasa da sakan ɗaya. Taurarin Kentucky uku, De'Aaron Fox da Malik Monk da Bam Adebayo, sun tara laifuka tun zangon farko, koci John Calipari ya yi ƙorafi a kan haka bayan wasa. Wasu magoya baya suka gano cewa ɗaya daga cikin alƙalan, John Higgins, yana da kamfanin rufin gidaje a yankin Omaha ta jihar Nebraska. Suka cika layukan wayarsa da kira, suka zuba wa kamfanin sharhin ƙarya a Facebook don su kashe masa kasuwa, wasu har da barazanar kisa, sai da jami'an tsaro suka shiga bincike. Higgins ya kai ƙarar wata kafar rediyon wasanni ta Kentucky bisa zargin ita ta rura wutar. Kotu ta kori ƙarar a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020, bisa dalilin 'yancin faɗar albarkacin baki.

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, an ƙara samun wani rukunin masu fushi, waɗanda ba makarantarsu aka ci ba, kuɗinsu ne ya tafi. NCAA da kanta ta sha kokawa kan yadda irin waɗannan ke tura wa 'yan wasa da alƙalai saƙonnin cin mutunci.

Ko akwai hannu a ciki? Wasu na cewa NCAA ta fi son Virginia ta kai ƙarshe.

Babu wata hujja da ta taɓa fitowa. Masu zargin suna cewa labarin ƙungiyar da ta sha kunya bara ta ɗauki kofi bana ya fi sayuwa. Amma wanda ke son ya miƙa wa Virginia wasa ba zai zuba ido Auburn ta ci maki 14 a jere ba, ba zai busa wa Jerome, wanda ya fi kowa cin maki a wasan da 21, laifi na huɗu saura minti huɗu da rabi ba alhali na biyar ne ke fitar da ɗan wasa, kuma ba shi da ikon sa Guy ya ci jifa uku a jere da dubban mutane na yi masa ihu. Zargin yana samun gindin zama ne saboda an taɓa kama Tim Donaghy, alƙalin NBA, da caca a kan wasannin da yake alƙalanci a 2007, har ya yi zaman kurkuku. Wannan a gasar ƙwararru ne, kuma an kama shi da shaida.

Alƙalan suna amsa tambaya? Ana hukunta wanda ya yi kuskure?

A nan ne nake ganin magoya baya ke da ƙorafi na gaske. Ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai kamar Doughty yana zama gaban kyamarori minti kaɗan bayan mafi munin daren rayuwarsa ta wasa, ya amsa tambaya. Alƙalin da ya girme shi nesa ba kusa ba yana fita ta ƙofar baya. Iyakar abin da ake samu shi ne ɗan jarida ɗaya ya karɓo bayani a madadin sauran, ko shugaban alƙalai ya fitar da gajeriyar sanarwa. Ta daren nan ta kare busar da aka yi wa Doughty, amma ba ta fito ta ce an yi kuskure a kan Jerome ba. NBA tun 2015 take wallafa rahoton minti biyun ƙarshe na wasannin da suka yi kusa, tana faɗin inda alƙalai suka dace da inda suka kauce. Gasar jami'o'i ba ta da irin wannan, kuma wannan shirun ne ke ciyar da zargin da aka tattauna a amsar da ta gabata.

Hukunci yana nan, sai dai a ɓoye yake. Alƙalan jami'a ba ma'aikatan NCAA ba ne na dindindin, ana biyansu ne wasa-wasa, rukunonin jami'o'i ke ba su aiki a kakar wasa. A gasar Maris ana auna aikin kowa, wanda ya gamsar ne ke wucewa zagaye na gaba. Koci kuwa in ya soki alƙalai a bainar jama'a yana iya shan gargaɗi ko tara.

Auburn za ta iya ɗaukaka ƙara a sake wasan?

A'a. Dokokin kwando na NCAA ba su amince da ƙarar neman soke sakamako ba. Akwai 'yan kurakurai da ake iya gyarawa nan take, kamar a bai wa wanda bai cancanta ba jifan kyauta, amma da ƙayyadadden lokaci, kuma da zarar alƙalai sun bar fili sakamako ya tabbata. Ranar 8 ga Afrilu Virginia, ƙarƙashin koci Tony Bennett, da Mamadi Diakite ɗan ƙasar Gini a cikin 'yan wasanta, ta doke Texas Tech 85 da 77 bayan ƙarin lokaci, ta ɗauki kofinta na farko. Auburn ta sake kaiwa matakin huɗun ƙarshe a 2025, Florida ta fitar da ita 79 da 73.

An sauya doka tun daga lokacin? Da yau aka buga wasan, sakamakon zai bambanta?

Daga kakar 2025 zuwa 2026 an bai wa kocin maza damar ƙalubalantar hukunci a je a duba bidiyo, muddin yana da sauran hutu a hannu. Amma damar ta tsaya ne a kan abubuwa kaɗan: wa ƙwallo ta taɓa kafin ta fita, taɓa ƙwallo a bakin kwando ba bisa ƙa'ida ba, da matsayin mai tsaro a ɗan da'irar da ke ƙarƙashin kwando. Ɗaukar ƙwallo a sake bugawa ba ya ciki, jan riga ba ya ciki, ketar da aka busa wa Doughty ma ba ta ciki. Da Pearl na da wannan dama a Minneapolis, babu ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun da zai iya kaiwa gaban allo.